Ko'ina Tana Tashi Sai Ɗakinsa

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarsa. Jiya ya yi magana. Bai ce sannu ba, bai ce Inna ba. Ya nuna tebur da haɓa ya ce, “A kunna min ita.”

Kwamfutarsa yake nufi. Da ita yake ci da mu tun rasuwar babansa: katin biki, kalanda, takardun makaranta. Duk aikinsa na shekara shida yana cikin akwatin nan baƙi.

Sunansa Zaharaddeen. Ga shi na rubuta. Ɗan fari ne, shekara ashirin da bakwai bakina bai taɓa kama sunan ba. Na'inno nake ce masa, don kakarsa Inno ce ta yaye shi, Allah ya ji ƙanta. Ashe hannu ba shi da kunya irin ta baki. Hannun nan bai san biro ba sai da na kai arba'in da huɗu, a ajin manya na bayan masallaci, shi ya sa har yanzu yake tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Wata biyar da ya yi a hannun mutanen daji ban bar ƙura ta kwana a kan na'urar ba. Na zare ta daga bango, na lulluɓe ta da zane. Da ruwa ya sauka zanzaro ya fara shawagi a bayanta yana neman ramin da zai cusa laka, sai na toshe duk ramin da babu waya a ciki. Wasu da auduga, ɗaya da wani ɗan marfi baƙi da na tsinta a aljihun rigarsa, ya zauna daram kamar don ramin aka yi shi.

Na sa ta a bango. Ya taso, ya danna maɓallin da kansa. Fanka ta juya. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan layi fari a lungun sama yana ƙyaftawa. Muka jira. Ya kashe, ya sake kunnawa. Haka. Ya koma katifa ya juya wa ɗakin baya.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Ya sake dannawa sau biyu. Layin nan dai. Yana ƙyafta mana ido kamar ɗan iska.

Laraba, 6 ga Agusta, da la'asar

Na kai ta wurin Muktar mai gyara a bakin tasha. Kafin in zare wayoyin na ɗaura wa kowace zare mai launi daban, na rubuta inda take shiga. Na cire audugar da marfin na ƙulle a bakin zane don kada su faɗi a hanya, na naɗe akwatin, na ɗora a ka.

Shagon nan! Ɓawon gyaɗa, ledar ruwa, tofin goro a jikin bango har ya yi zane. Yana da farce ɗaya dogo a ƙaramin yatsa, da shi yake sosa kunne, da shi yake taɓa kayan mutane. Ya haɗa ta da allonsa, ya danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta buɗe tar, ga hoton ɗana a gaban shagonsa yana dariya. Na kau da kai.

“Hajiya, wagga na'ura ta fi ni lafiya,” in ji Muktar.

Na ce a gida ba ta tashi.

“To wutar gidanku ce. Ko dai mai dannawar.” Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga ban taya shi ba ya gyara murya ya ce, “In kina so a yi mata wankin ciki, a goge komai a zuba sabo. Shi ne maganin kowace cuta.”

Na ce shi ma in kansa ya yi ciwo a sare shi a dasa sabo? Na naɗe kayana.

Na dawo, na bi zaren na mayar da kowace waya gidanta, na toshe ramukan. Na ce, “Na'inno, ta tashi a wurin Muktar, zo ka gani.” Ya zo. Ya danna. Baƙi.

Ya dube ni. Na fi son ya zage ni da irin kallon nan.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Na roƙi janaretan maƙwabta don a gwada maganar wuta. Ba wuta ba ce.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Na tarar da tuwon jiya a ƙarƙashin matashinsa, naɗe a hula. Ya yi tsami, kiyashi ya rufe shi. Karo na huɗu ke nan. Na kwashe, na wanke hular sau uku. Warin bai bar hancina ba.

Masu zuwa jaje ba su ƙare ba. Ba jaje suke zuwa ba, kallo suke zuwa. Mace ta zauna min a tabarma ta sha min kunu tana miƙa wuya wajen ƙofarsa, tana cewa, “To mi sunka yi mashi? Ya faɗa miki?” Bai faɗa min ba. Ban tambaya ba. Na ga ƙafafunsa, ya ishe ni.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Alhaji Haliru ya zo daga Bungudu. Wan babansu ne, shi ne babba a dangi yanzu, shekara talatin ya yi a sakatariya yana buga hatimi, har yau yana magana kamar kowa takarda ce a gabansa. Ya shiga ɗakin da takalmi. Ya yi masa tambaya takwas, ya sami shiru takwas. Sai ya ga kwamfutar ya tambayi labarinta, ni kuma wauta ta sa na faɗa masa duka.

Ya ce, “Ta tashi ga Muktar, ta ƙi tashi nan?”

Na ce haka ne.

“Wa ka dannawa nan?”

Na dubi katifar da ɗana yake kwance. Ya gyaɗa kai a hankali, yana jin daɗin kansa. Ya ce in naɗe masa ita, zai kai ta Bungudu ya gwada da idonsa. Na cire abubuwan toshiyar, na naɗe.

Ya kakkaro majina ya tofar a gindin randata kafin ya fita.

Talata, 12 ga Agusta, da rana

Ya dawo da ita. Ta tashi a Bungudu sau bakwai, a gaban shaidu, in ji shi. Ya zauna a zaure yana shan fura, ni na haɗa ta a ɗaki kamar kullum. Sannan ya shigo ya tsaya a kan yaron ya ce, “Tashi ka danna.”

Ya tashi. Ya danna. Baƙi.

Alhaji ya ce, “La ilaha illallahu.” Amma ba da murya irin ta mai baƙin ciki ba.

A zaure ya kira ni, na durƙusa a bayan ƙofa. Ga abin da ya ce, na rubuta shi yadda ya fito:

“Safiya, wanga yaro bai dawo shi kaɗai ba. Daji ba ya sakin mutum haka nan. Ƙarfe ma ya gane, ke ce ba ki gane ba. Akwai malami gaba da Bungudu, irin wanga aiki ya gada. Wata uku ka ga mutum ya dawo hayyacinsa.”

Na san gidan. Kowa ya san gidan. Ɗan wata ƙawata ya yi shekara a can, an sa masa mari a ƙafa, ya fito ba ya iya haɗa guiwa. Mari a kan ƙafar da sawun igiya bai gama bushewa ba.

Na ce, “Alhaji, a ƙara haƙuri.”

Ya ce, “Tun yaushe uwa ta yi baki ga ɗan fari? Ko shi ma ajin manya anka koya muku?”

Na haɗiye. Haka aka raine mu. Ɗan fari na dangin uba ne, uwa ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Shekara ashirin da bakwai ina alfahari da wannan kunyar. Yau ji na yi kamar na haɗiyi ƙuda.

Laraba, 13 ga Agusta, da asuba bayan salla

Na'inno ya ji komai. Ɗakinsa jikin zaure yake.

Laraba, da yamma

Na kai masa kunu. Bai juyo ba ya ce, “Inna, ni ne.”

Na ce kai ne me?

“Ki bar wahalar da kanki. In na taɓa ta mutuwa take yi.”

Magana mafi tsawo da ya yi tun da ya dawo, kuma ita ce wannan. Na fito na zubar da kunun a kwata ban san na zubar ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Ba ya ko kallon teburin yanzu. Na danna da kaina don in gani ko hannun ne. Baƙi, ni ma. Na yi murna, na je na gaya masa. Ya ce, “Ai ina cikin ɗakin.”

Mansura ta kira daga Gusau. Ita ce ƙanwarsa, tana aure a can. Ta ce akwai wata Malama Bara'atu a unguwarsu, tana koyar da kwamfuta tana kuma gyara, mazan kasuwa ma in abu ya gagare su wurinta suke kaiwa a ɓoye. Ta haɗa ni da ita. Na ce zan kawo na'urar.

Ta ce, “Kar ki kawo. Wadda ke tashi ko'ina sai gida, cutarta a gida take. In kin kawo min ita lafiyayya za ki kawo. Ki ɗauko min hoton bayanta yadda take zaune a ɗakin, kar ki taɓa komai.”

Na ce wayata ba ta ɗaukar hoto.

“Kina rubutu?”

Na ce da daddafe.

“To ki zana min.”

Asabar, 16 ga Agusta, bayan azahar

Na zana. Awa biyu ina durƙushe a bayan tebur. Rami goma sha huɗu. Ya yi kama da zanen kaza, amma babu ramin da na tsallake.

Lahadi, 17 ga Agusta, da la'asar

Alhaji ya aiko direbansa da ƙullin hayaƙi daga malamin, wai a fara da wannan. Ya ce an umarce shi kar ya tafi sai ya ga an turara. Wari kamar an ƙona kofato da tsumma. Aka rufe ƙofa da taga, ɗana yana ciki yana tari, bai ko ɗaga kai ba. Ni na riƙe kaskon. Ni.

Har yanzu zanena yana wari.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan magariba

Na je Gusau na dawo. Ban taɓa hawa hanyar nan ba tun watan Maris. Da muka zo daidai wurin da aka ɗauke shi, motar ta yi tsit, direba ya taka, wata mata ta fara salati. Ni gwiwata na kalla har muka wuce.

Malama Bara'atu gajera ce, da tabarau, goyo a baya. Teburinta tsaf, kowace ƙusa a cikin gwangwaninta. Ta karɓi littafin nan ta buɗe shafin zanen kawai, ba ta leƙa sauran ba. Na ga mutuncinta tun daga nan. Ta bi da bakin biro.

“Wannan ta allo ce. Wannan ta wuta. Waɗannan masu gashi-gashi fa?”

Na ce auduga ce, saboda zanzaro. Ta ɗan murmusa.

“Wannan baƙin?”

Na ce marfi ne.

“Marfin me?”

Na ce na ramin. Na kwatanta mata shi, ɗan ƙarami kamar farcen babban yatsa, da bakin ƙarfe.

Ta aje biron. “Inna, in za a kai ta gyara, yana jiki?”

Na ce ina cire shi don kar ya faɗi.

“In ta dawo?”

Na ce ina mayar da shi raminsa.

Ta ce ba marfi ba ne, filash ne, abin da ake ɗaukar aiki a ciki daga wata na'ura zuwa wata. Ta yi min bayani a hankali. In kwamfuta ta farka, kafin ta yi komai sai ta bi ƙofofi tana neman wanda zai tashe ta, kamar mai shiga gida gaisuwa, akwai ɗakin da ake fara shiga. Jerin ƙofofin a rubuce yake a wani wuri da suke kira bayos. Ɗana ya riga ya sa rumbun cikinta a farko, inda aikinsa yake. Amma akwai ɗan batir a ciki mai kamar sulai, shi ke riƙe mata jerin. Wata biyar ba wuta, batirin dama tsoho, ya mutu, ta manta, ta koma jerin da aka haife ta da shi: ƙofar filash a gaba.

“Shi kuma filash ɗin nan, da alama an taɓa zuba abin tayar da na'ura a cikinsa ya lalace. Tana sallama yana amsawa, ba ya ba ta komai, ba ya sallamarta. Sai ta tsaya a nan har a kashe ta.”

Na ce, ke nan ba shi ba ne.

“Shi wa?”

Na gaya mata kaɗan. Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce cire filash ɗin kawai zai sa ta tashi yau, amma mai irin aikinsa kullum mutane na kawo masa filash, wata rana za ta sake yi, a sake cewa shi ne. Ta ba ni sabon batir. Ta sa na rubuta matakan da hannuna, ta ce wanda ya rubuta da kansa ba ya ɓata.

Mansura ta tambaye ni me aka ce. Na ce ƙaramin abu ne.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Na shiga shara. Na sa hannu a baya na zare filash ɗin, na jefa a lalita. Na danna. Ta buɗe.

Na ce, “Na'inno, duba.” Ya duba ta kan kafaɗa. Ya ce, “Ki fitar da ita kafin in kashe ta.”

Ban faɗa masa ba. Na buɗe baki, sai na ce bari in duba tukunya.

Talata, da la'asar

Mako biyu. Hannun Muktar na ƙi, majinar Alhaji na ƙi, matan da ke leƙe na ƙi. Ashe a bakin zanena abin yake a ƙulle. Na wanke hannu har ya yi fari.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na gaya wa Mansura ta tashi, ita kuma murna ta sa ta kira baffanta. Yanzu ya kira ni.

“To kin gani? Kwana biyu da hayaƙi ƙarfe ya saki. Wanda ya kore su ga na'ura shi zai kore su ga mutum. Jibi bayan an sauko Juma'a ina nan tafe da mota. Ki haɗa mashi kaya kala biyu, ba a son da yawa.”

Na ce, “Alhaji, ba hayaƙin ba ne.”

“Mine ne to?”

Na dubi lalitar da filash ɗin yake ciki. Ya ce, “Kin ji ko,” ya kashe.

Na so in gyara a ɓoye in tsira da fuskata. Ga abin da ɓoyon ya haifa.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Na zare ta daga bango, na kwance ƙusa biyu da bakin wuƙa, na buɗe gefenta. Ga batirin can yana ƙyalli kamar yadda Malama ta ce. Na danna ɗan harshen ƙarfen ya yi tsalle ya fito, na sa sabon, rubutun yana sama. Na so in gwada sauran matakan, aka ɗauke wuta, maƙwabta kuma sun tafi bikin suna da makullin janareta. Sai gobe.

Na'inno ya haɗa kayansa da kansa. Riga biyu, wando biyu, a leda, a bakin ƙofa. Ba wanda ya sa shi.

Alhamis, da yamma

Ba wuta.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan magariba

Zan rubuta shi a jere don kar in ƙara ko in rage.

Sun iso wajen uku, Alhaji da direbansa da wani ƙato da ban sani ba, wai almajirin malamin ne, ya girme ni ma. Na ga igiya a aljihun rigarsa ta leƙo. Na riga na roƙi janareta tun safe, yana ta ƙugi a tsakar gida. Alhaji ya ce wannan hayaniyar ta mece ce. Ban durƙusa a bayan ƙofa ba. Na ce ya shigo ɗaki, akwai abin da zan nuna masa.

Kafin su zo na mayar da filash ɗin raminsa.

Na ce, “Alhaji, danna mata da hannunka mai albarka.”

Ya ce ba shi da lokacin wasa, hanya ba ta son yamma. Na ce dannawa ɗaya ce. Ya danna. Fanka ta juya. Baƙi, da ɗan layin nan.

Na ce, “Subhanallahi. Alhaji, kai ma sun taɓa ka?”

Direban ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi.

Alhaji ya ce ai yaron na ɗakin. Na ce to kar kowa ya motsa. Na kashe, na sa hannu a baya na zaro abin na ɗaga shi sama kowa ya gani. Na ce ya sake dannawa. Ta buɗe. Na mayar, ya danna, baƙi. Na cire, ta buɗe. Sau uku muka yi, har ya ƙi miƙa hannu.

Sannan na faɗa. Na ce ni na cusa shi, tun watan Yuni, don zanzaro. In za a kai ta gyara ni ke cirewa, in ta dawo ni ke mayarwa. Ba daji, ba iska, ba kowa. Ni ce. Ba Alhaji nake kallo ba da nake faɗa, katifa nake kallo. Ya tashi zaune.

Alhaji ya ce, “Jahilci dai bai yi ba. Kin ga abin da karambanin mata ka jawowa? Mako biyu kina wahal da mutane.”

Na ce na karɓa. A kai ni gidan malamin in ana so, ƙafata lafiya lau take.

Ya ce duk da haka yaron ba ya magana, ba ya fita, mota kuma ta riga ta zo. Ƙaton nan ya matso bakin ƙofa.

Na ce ban gama ba. Na mayar da filash ɗin, na buɗe littafin nan a shafin matakai, na ja kujerar ɗana na zauna. Ban taɓa zama a kanta ba. Na danna maɓallin, na yi ta bugun F2 kamar kaza na tsattsagar gero, yadda Malama ta ce. Allon ya koma shuɗi, cike da turanci. Na sa yatsa a littafi, na sa ido a allo, ina neman kalmar da ta sa na kwafa, harafi huɗu. Na same ta. Na bi da kibiya na shiga. Ga jerin, filash a sama, rumbun a na uku. Na sauko kansa.

Sai na tsaya. Na rubuta “a hau da shi sama”, ban rubuta da me ake hawa da shi ba. Na danna kibiyar sama, haske ya hau, shi bai hau ba. Na sake. Gumi ya sauko min har cikin ido. Alhaji ya ce, “Malama, a tashi aji haka nan,” ƙaton ya yi dariya.

“Alamar tarawa.”

Daga katifa maganar ta fito.

“Koma kansa, Inna. A'a, ƙasa. Nan. Danna alamar tarawa, tana can gefen dama. Sau biyu.”

Na danna sau biyu. Ya hau, ya hau, ya zauna a kan filash ɗin.

“Kar ki fita haka. F10, in ba haka ba aikin banza kika yi.” Ya yi tsaki. “Matsa.”

Na matsa. Ya tako a hankali, ya zauna, ya ɗora hannu biyu a kai. Ta mutu, ta farka, filash ɗin yana jikinta, hannunsa yana kanta, ta buɗe.

Alhaji ya daɗe a tsaye. Bai ce ya yi kuskure ba, irinsu ba sa cewa. Ya ce ya ba mu wata guda, in bai ga canji ba zai dawo, kuma ba zai saurari mace ba. Ya ce wa mutanensa su je su tada mota.

Shi kuwa ɗana bai ko juyo ba. Yana kallon lungun allon na ƙasa. Ya ce, “Kwanan watanta ya koma baya shekara goma sha. Yau nawa ga wata?”

Na ce ashirin da biyu.

“Ga wane wata?”

Na ce Agusta. Yatsunsa suka tsaya a sama. Na ga yana lissafi, leɓensa na motsi. Na riƙe bakin tebur. Sai ya sauke hannu ya buga.

“Ƙarfe nawa?”

Wayata tana ɗaki, ba agogo a jikin bango. Alhaji yana bakin ƙofa yana gyara babbar riga, ga agogonsa na zinari ya cika masa hannu. Na ce, “Alhaji, ana tambayar lokaci.”

Ya dube ni, ya dubi bayan yaron. Ya ɗaga hannun riga.

“Huɗu saura kwata.”

Zaharaddeen ya buga. Iyakar amfanin da zuwan Alhaji ya yi ke nan, tun daga Bungudu.